Daga Liyon zuwa karar shanun Brionnais a kan keke

Duk wanda zai hau keke a Faransa ya bar cikin birni, abin da ya kamata ya fara koya shi ne haruffan da ke jikin allunan hanya. In ka ga A, toh babbar hanya ce ta masu tsala gudu, doka ma ta hana keke hawanta. In ka ga N a kan jan allo, ita ma ka rabu da ita in da hali, nan tireloli suke. Hanyar mai keke ita ce D, wadda ake rubutawa a kan allo ruwan ɗorawa, sai kuma ƙanwarta C, 'yar siririyar kwaltar da ke haɗa ƙauye da ƙauye, wani lokacin ma gona da gona. Kuma a cikin D ɗin akwai sirri, yawanci in lambar ta yi tsawo hanyar ta fi shiru, D mai lamba ɗaya ko biyu takan cika da motoci, amma mai lamba uku sai ka yi tafiya mai nisa ba ka haɗu da kowa ba sai tarakta.

Wani yayanmu ɗan Damagaram ne ya koya min wannan, ya daɗe a birnin Liyon, gashinsa ya fara fari amma in ya hau keke sai ka ji mamaki. Shi ba ya yarda da taswirar waya ita kaɗai, yana da tsohuwar taswirar Michelin ta takarda duk ta sha ninki, ya nuna min cewa hanyar da aka ja wa koren layi a gefe ita ce mai kyan kallo, fararen kuma su ne ƙananan da mota ba ta damu da su ba. A watan Yuni muka tashi, lokacin rana ba ta faɗuwa sai bayan tara na dare, niyyarmu mu bi arewa mu ratsa tuddan Beaujolais mu faɗa garin Cluny, daga nan mu karya yamma mu iske kasuwar shanu ta Saint-Christophe-en-Brionnais wadda ke ci ranar Laraba. Duk lissafin tafiyar a kan Larabar nan aka ɗora shi.

Mun fita ta bakin kogin Saône, ba abin faɗa sosai a nan, motoci ne da gidajen masu hali har ka wuce Neuville. Yaya ne ya ce kafin komai sai mun tsaya a Chasselay.

Chasselay ƙauye ne a gindin tuddan Monts d'Or, kewaye da lambunan itatuwa. Ka bar gidaje kaɗan, kana bin wata 'yar hanya tsakanin gonaki, kawai sai ka hango ja jawur ɗin ganuwa a tsakiyar kore, gini irin na ƙasashenmu na yammacin Afirka, da 'yan tsinkaye masu tsini a kusurwoyi da ƙofar katako da aka sassaƙa. Tata ake ce wa wurin, maƙabarta ce ta sojojin Afirka da suka yi wa Faransa yaƙi. Turawa suna kiransu sojojin Senegal gaba ɗaya, amma daga duk ƙasashen da Faransa ta mallaka a yammacin Afirka aka kwaso su, kuma Nijar tana cikin ƙasashen nan. A ranakun 19 da 20 ga Yuni 1940, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, gwamnatin Faransa ta riga ta nemi a tsagaita wuta, an riga an bar Liyon a buɗe ba mai tsaronta, amma aka ce wa rundunarsu ta 25 ta tsaya ta tare Jamusawa a wannan yankin. Suka tsaya har harsashi ya ƙare. Da suka miƙa wuya sai sojojin Jamus suka ware Turawa gefe guda baƙaƙe gefe guda, suka kora baƙaƙen cikin wani fili suka buɗe musu wuta da bindigogin tankoki. Kwana biyu bayan haka, 22 ga wata, aka sa hannu a takardar tsagaita wutar.

Mutanen ƙauyen ne suka binne su. Daga baya wani jami'in kula da tsofaffin sojoji mai suna Jean Marchiani ya tsaya kai da fata har aka gina wurin, aka buɗe shi a Nuwamban 1942, yaƙin ma bai ƙare ba. Kaburbura kusan 200 ne a jere a kan tsakuwa, kowanne da ɗan allonsa. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina karantawa, sunaye irin waɗanda ka saba ji a gida, wasu kuma ba suna ko ɗaya, an rubuta ba a san ko wane ne ba. Waɗannan ne suka fi tsaya min a rai, domin kowanne akwai uwar da ta jira shi har ta koma ga Allah ba wanda ya zo ya ce mata ga inda ɗanki yake. Yaya ya cire hular kwanonsa ya ce, ƙanena ɗaga hannu, ba mu san wane ne musulmi wane ne ba musulmi ba a cikinsu, amma namu ne. Muka yi addu'a. Ba kowa a wurin sai mu biyu, ƙofa a buɗe, ba mai gadi ba mai karɓar kuɗi, kuma ko tsinke babu a ƙasa. Ni dai a ganina duk ɗan Afirkan da ke zaune a Liyon bai je Chasselay ba akwai bashi a kansa, tafiyar ba ta kai kilomita 20 ba.

Daga nan hawa ya fara. Kudancin Beaujolais gidajensu da wani dutse ruwan zuma ake gina su, in rana ta karkata ta haske bangon sai ka ga ƙauyen gaba ɗaya ya ɗau launin zinari, Oingt na kan tudu shi ya fi kowanne kyau amma sai ka biya da ƙafarka kafin ka isa. Gonakin inabi ne ko'ina, itatuwan gajeru ko ƙugu ba su kai ba, a watan Yuni 'ya'yan ƙanana ne kore shar ba abin ci. Duk arzikin yankin a kan barasa yake, kowace ƙofa da allon a shigo a ɗanɗana, mu dai sai mu gaisa mu wuce. Abin da ya dame mu shi ne hanya, kuma hanyar ta yi. Kwalta sumul, faɗinta bai wuce mota ɗaya da rabi ba, tana lanƙwasa tana hawa tana sauka, ka sa ƙaramar giya ka yi ta juya feda a hankali ba mai matsa maka.

Maganar matsi, wannan shi ne abin da ya fi ba ni kwanciyar rai. Dokarsu ta ce mai mota in zai wuce mai keke a wajen gari sai ya bar masa mita ɗaya da rabi, a cikin gari mita ɗaya. Ba zan ce kowa ke bi ba, akwai masu ƙananan motocin kai kaya da ke wucewa kamar an koro su, amma a kan ƙananan hanyoyin nan sau da yawa sai ka ji mota ta rage gudu a bayanka, ta bi ka sannu sannu har ku gama kwana, ba hon ba zagi, sai hanya ta miƙe sannan ya buɗe ya wuce, wani har ya ɗaga maka hannu. Ƙasa ce da ta san darajar keke, tun 1903 suke gasar zagaye ƙasarsu a kansa, direban da ke bayanka mai yiwuwa shi ma ranar Lahadi keken yake hawa. Tsofaffi muka riƙa gamuwa da su rukuni rukuni, masu shekara saba'in da ɗoriya, cikin matsattsun kayan tsere, kowa ya ce maka bonjur. Kuma kar ka raina wannan bonjur ɗin. In ka shiga shago a ƙauye ba ka fara da ita ba ka ɓata komai, in ka fara da ita kallon da aka bi ka da shi na baƙon baƙin mutum yakan sauya ya koma tambaya, daga ina kuke, ina za ku.

Ruwa da abinci kam sai da dabara. Ƙauyukan nan da yawa ba shago, wanda ke akwai kuma yana rufewa da tsakar rana sai wajen uku, ranar Lahadi da yamma komai a garƙame, Litinin gidajen burodi da dama suna hutu. Yaya ya san wannan, kullum da safe sai ya cika jaka da burodi da kifin gwangwani da cukun akuya na yankin, ga dabinon da muka taho da shi, tunda nama ba mu da tabbacin yankansa. A wani ƙauye mun tarar da na'urar sayar da burodi a tsaye kusa da ofishin magajin gari, ka jefa kuɗi dogon burodi ya faɗo, domin mai gasawa na ƙauyen ya daɗe da rufewa. Ruwa kuwa a maƙabarta ake samu. Kusan kowace maƙabartar ƙauye tana da famfo daga bakin ƙofa saboda masu zuwa shayar da furannin kaburbura, duk mai keke a Faransa ya san wannan, ka duba dai in ba a rubuta cewa ba na sha ba ne ka cika gorarka. A nan muke alwala, mu nemi inuwa a gefen wata gona mu haɗa azahar da la'asar ƙasaru.

Shirun ƙauyukan shi ma yana da dalili, kuma ba duka ne mai daɗi ba. Za ka shiga gari da azahar, gidaje masu kyau, furanni a taga, amma tagogin katako a rufe, ba yaro ko ɗaya a waje, makaranta an haɗe ta da ta ƙauyen gaba. Matasa sun tafi birni, mutum ɗaya da tarakta yana noma abin da a da gidaje goma ke nomawa. A tsakiyar kowane ƙauye kuma akwai dutsen tunawa da waɗanda suka mutu a yaƙin 1914 zuwa 1918, Faransa ta rasa sojoji wajen miliyan 1.4 a yaƙin nan, in ka tsaya ka karanta sai ka ga sunan gida ɗaya ya maimaitu sau uku sau huɗu a ƙauyen da duka duka bai fi unguwa ba. Tun da na fito daga Chasselay ban iya wuce irin dutsen nan ban karanta ba.

Bayan mun wuce Fleurie da Juliénas sai ga dutsen Solutré ya tsaya a gabanmu, tsayinsa mita 493, gefe ɗaya a kwance gefe ɗaya a yanke tsaye cak a kan gonakin inabi. A gindinsa aka tono ƙasusuwan dawakai masu ɗimbin yawa da mafarautan zamanin da suka bari. Tsohon shugaban Faransa Mitterrand kowace shekara yakan hau shi da 'yan rakiyarsa. Mu ba mu hau ba, mun kewaye shi muka gangara muka kama hanyar keke zalla da ke zuwa Cluny.

Wannan tsohon layin dogo ne da aka cire ƙarafan aka shimfiɗa kwalta, ba mota ba babur. A wannan yankin aka fara irinta a Faransa, a 1997, tsakanin Givry da Cluny, yanzu ta bazu ko'ina a ƙasar. Abin da kowa ke zuwa gani shi ne ramin Bois Clair, inda jirgi ke ratsa cikin dutse a da, tsawonsa kilomita 1.6. Muna cikin zafin rana gumi na zuba, muna shiga sai sanyi ya doke mu kamar an buɗe firji, ciki bai fi digiri 11 ba ko da rani, ruwa na ɗiga daga sama, fitilu a jere ba su da ƙarfi sosai, ƙarar tayarka na dawo maka, can gaba kana hango ɗan farin ɗigo yana girma a hankali. Yaya tun a bakin ramin ya ce in ciro rigar sanyi. Lokacin hunturu rufe shi ake yi gaba ɗaya saboda jemagun da ke kwanciya a ciki, masu keke su zagaya ta kan tudu. Kafin ramin akwai hawa mai ɗan tsauri a ƙarƙashin tsohuwar fadar Berzé, kar wanda ya ce tunda layin dogo ne ai shimfiɗe yake duka. Bayan ramin kuma TGV, jirgin ƙasansu mai tsananin gudu, na wucewa ta kwarin, ka ji shuuu kafin ka waiga ya ɓace.

Zan faɗi gaskiyata, irin wannan hanya tana da daɗi ga mai iyali da yara da wanda ke tsoron mota, amma ni na fi son D da C. Layin dogo gefen gari yake bi, tsakanin itatuwa, ba ya kai ka ƙofar gidan kowa. Ƙaramar kwalta kuwa tana ratsa tsakar ƙauye, ta wuce ta gaban garke, ka ji warin taki, kare ya yi maka haushi daga bayan shinge, tsohuwa ta ɗago daga lambunta ta amsa gaisuwa.

Cluny ba mu daɗe ba. An kafa gidan ibadar Kiristoci na garin a shekara ta 910, cocinsa mai tsawon mita 187 shi ne mafi girma a duniyar Kirista har aka gina na Saint Pierre a Roma, bayan juyin juya halin Faransa na 1789 aka sayar da shi aka riƙa fasa shi ana sayar da duwatsun, abin da ya rage yanzu ɗan ɓangare ne, amma ko shi in ka tsaya a ƙarƙashinsa sai ka ɗaga kai har wuya ya yi ciwo.

Yammacin Cluny ne ƙasar ta sauya. Inabi ya ƙare, ciyawa ta fara. Akwai babbar hanyar N79 da ke ratsa yankin daga Mâcon zuwa yamma, cike da tireloli, ta yi ƙaurin suna wajen haɗari, mu ko kusa da ita ba mu so, muka bi ta tudun Suin inda kake hango ƙasar Charolais a shimfiɗe har iyakar ganinka, fili bayan fili, kowanne an kewaye shi da shingen ƙaya mai rai da aka aske daidai, da itacen inuwa ɗaya ko biyu a tsakiya, da fararen shanu a warwatse. Lokacin yankan ciyawa ne, ƙamshinta ya cika iska, manyan dammai nannaɗaɗɗu a zube a gonaki, tarakta na ja har dare tunda haske bai ƙare ba. Hanyar ba ta da dogon hawa amma ba ta da hutu, ka hau ka sauka ka hau ka sauka, a nan cinya ta gaya min. A nan kuma ƙaya ta huda min tayar baya, muka jingina a ƙofar wani fili ina canza tub, kafin in gama shanu sun taso sun jeru a bakin shinge suna kallona, sun matso har ina jin hucinsu. Farare tas zuwa ruwan madara, hanci ja-ja, ba tozo, baya a shimfiɗe, cinyoyi a cike kamar an cusa. Kowace da lamba a kunnuwa biyu, domin a ƙasar kowace saniya tana da takardarta tun ranar haihuwa har ranar yanka. Bijimin wannan irin yakan haura kilo 1,000.

Yankin Brionnais na kudu da garin Charolles, kuma ciyawarsa ce abin alfaharinsu, filaye ne da aka san su da sa saniya ƙiba da ciyawa kawai, makiyayin wurin ya san wane fili ne na ƙarasa kiwo wane ne na masu shayarwa. A wani gidan manoma da ke karɓar baƙi muka kwana, maigidan da ya ji daga inda muka fito ya zauna yana ta tambayarmu yadda Fulani ke tafiya da garke ɗaruruwan kilomita, shi a rayuwarsa shanunsa ba su taɓa wuce shingen gidansu ba sai ranar kasuwa.

Saint-Christophe ɗan ƙaramin gari ne, mutanensa ba su kai dubu ba, amma ranar Laraba tun da sassafe motocin shanu sun cika shi. Kasuwar tana da takardar izinin sarki tun 1488. Yanzu kashi biyu ce. Akwai zauren gwanjo na zamani, a koro saniya cikin da'ira, nauyinta da shekarunta su fito a allo, masu saye na zaune a kujeru hawa hawa kowa da ɗan maɓallinsa a ɓoye, farashi na hawa ba ka san wa ke dannawa ba, cikin ƙiftawa an sayar an koro wata. Maruƙa da yawa daga nan Italiya ake kai su a ƙarasa kiwonsu. Sai kuma tsohuwar kasuwa ta ciniki baki da baki a ƙarƙashin rumfa, kuma wallahi ina shiga na ji kamar a karar Maradi nake ina bin kawuna, dillalai da doguwar riga da sanda, a zagaya saniya, a latsa gindin wutsiya, a matsa haƙarƙari, mai saye ya yi kamar zai tafi a jawo hannunsa, a yi raɗa a kunne, a tafa, ciniki ya faɗa. Akwai wata 'yar gajeriyar katanga da suke kira katangar kuɗi, a kanta ake ƙirga tsabar kuɗi a da in an gama ciniki.

Ban iya haƙuri ba na kira Kawu ta bidiyo a WhatsApp, shi da ya ƙare rayuwarsa a dillancin shanu. Na juya masa waya kan wani bijimi, ya yi shiru, can ya ce kai ɗan nan matsa kusa in ga ƙafafun. Na matsa. Ya ce zagaya baya. Na zagaya. Ya ce tubarkalla, nama kam akwai, amma wannan in ka kora shi daga nan zuwa Dakoro ba zai kai ba, kuma ina tozon. Na ce Kawu su ba su da tozo. Ya ce toh Allah mai iko, tambayar min nawa suka yi masa kuɗi, kuma nawa ne la'adar dillali. Yaya ya karɓi wayar ya gaishe shi, ya ce Baba ai sai kun zo da kanku, Kawu ya ce in dai a kan keke ne a gaishe su.

Daga Saint-Christophe zuwa La Clayette tafiya ce kaɗan, ta cikin filayen nan dai, kuma a can akwai tashar jirgin da ke zuwa Liyon daga Paray-le-Monial. Ƙananan jiragen yanki suna da wurin rataye keke, sai dai a wannan layin jiragen ba su da yawa a yini, don haka mun duba lokacin tun kafin mu bar kasuwa, muka ci sauran burodinmu a bakin tafkin da ke gaban fadar garin muna jira. Wanda zai bi wannan hanya ya tabbata ramin Bois Clair a buɗe yake, wato daga bazara zuwa farkon kaka, kuma ya ƙirga kwanakinsa da baya daga Laraba, in ya iso Saint-Christophe ranar Alhamis rumfuna kawai zai tarar an wanke su.